Kare Mai Zafi

Da azahar ina kwance ƙarƙashin wata tsohuwar fijo a Panteka,
sifana a baki, baƙin mai na ɗiga a goshina,
waya ta yi tsuwa a aljihu.
Rumasa'u ce daga Amurka:
"Baba, yau kare mai zafi na ci."

Sifana ta faɗi.
Na fito da baya kamar gafiya ta ji hayaƙi.
Na ce, karatun ne ya kai ki nan?

Ta yi dariya har layi ya katse, ta sake kira.
"Babu kare a ciki, ko gashinsa.
Naman sa ne a tsakiyar burodi.
Suna ne ya manne,
masu ƙasar ma gardama suke kan inda ya fito."

Na zauna kan taya ina goge hannu da tsumma.
Na so in yi musu dariya, sai na tuna ɗan wake.
Wa ya je sunansa? Wa ya ga waken da goyo?
Garau-garau shi ya raɗa wa kansa suna
tun yana faɗawa kwano.
Fanke kuwa, in ka kankare shi da farce,
bakin Bature za ka tarar a ƙasa.

Kasuwar Barci, ban taɓa ganin mai rumfa ya runtsa ba.
Garin nan kansa, an ce kadoji suka ba shi suna,
shekara arba'in ina haye gada,
ruwa kawai nake gani, da masu wankin babur.
Kadan ya tafi, ya bar mana rigarsa muna sawa.

Okwudili mai sayar da gilashi ya leƙo,
ya ce, "Tambaye ta me suke kiran kuɓewa."
Na tambaya, ta faɗa.
Ya buga ƙirji: "Kalmar ƙauyenmu ce!
A jirgin ruwa ta tafi, a bakin waɗanda aka ɗaure."
Ban san gaskiyarsa ba.
Amma ya yi shiru bayan ya faɗa,
ni ma na yi shiru,
injin walda kaɗai ke magana.

Dubi abin da ke hannuna:
birki, kuloci, sitiyari, boneti.
Baƙi ne duka, da jirgin ƙasa suka sauka,
muka ba su tabarma, muka lanƙwasa musu harshe,
yau jikana na rantsuwa Hausa ce tsantsa.

Ni ma fa.
Tanimu aka yanka mini rago,
amma ka shigo layin nan ka nemi Tanimu,
za a nuna maka hanyar Kawo.
Ka ce Kaboyi, ko akuya za ta kawo ka.
Wata malfa ce ta gwanjo,
na sa ta dare ɗaya zuwa silima,
ina tafe ina buɗa ƙafa kamar na sauko daga doki,
alhali ko jaki ban taɓa hawa ba.
Malfar ta ruɓe, silimar ta zama shaguna,
abokan da suka yi mini tsiyar rabinsu na ƙasa.
Yaran garejina na cewa Kaboyi da ladabi,
sun zaci sarauta ce.

Kafin ta ajiye waya ta ce,
"Na kai musu yaji ɗakin kwana.
Yanzu wata Baturiya ba ta cin taliya
sai ta ce, miƙo yaji."
Na ce, a bar shi nan.
Wata rana jikokinta za su yi gardama a kansa,
wani ya rantse sunan wani tsoho ne.

Na ɗauki sifana, ciki ya yi ƙugi.
Na ƙwala wa Ladidi kira a tsallaken kwata:
zubo mini ɗan wake na ɗari biyar,
in ubansa na nan, haɗo da shi.